Wa Aka Tambaya? Binciken Lafiyar Uwa da Jariri da Ake Yi Tare da Jama'a

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna cewa a Jihar Imo, cikin kowace haihuwa 100, ƙwararren ma'aikacin lafiya ne ke karɓar 98. A Jihar Kebbi kuwa, uku ne kacal. Ƙasa ɗaya, ma'aikatar lafiya ta tarayya ɗaya, manhajar koyar da aikin ungozoma ɗaya. Duk mai son yin maganar mutuwar mata wajen haihuwa, daga wannan tazara ya kamata ya fara. Jimillar da aka fi ambatawa, wato ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya cewa mata kimanin 75,000 ne ciki da haihuwa suka kashe a Najeriya a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, tana girgiza mutum, amma ba ta faɗa masa a wace jiha ba, a wane ƙauye, balle a wane ɗaki.

Abin da ke kashe matan nan ba ɓoyayye ba ne. Zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin da ke tasowa idan ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa, sai ɓari da ya zo da gardama. Jarirai kuma, waɗanda 39 cikin kowane 1,000 ba sa cika wata guda a duniya bisa waccan ƙididdiga, galibi haihuwar bakwaini ce ke ɗauke su, ko shaƙewa wajen fitowa, ko cutar da ta shiga jini, sau da yawa ta cibiya. Kowanne da maganinsa, kuma an daɗe da sani. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ya nuna cewa mutuwar ta fi taruwa a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai al'amari ya ɓaci ake kawo su ranga-ranga. A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka tsara abin da yau kowane ɗalibin lafiyar al'umma ya haddace: jinkiri uku ne ke tsakanin mace da ajalinta, jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a tsakar gida da kan hanya suke faruwa, inda babu likita, babu kuma mai rubuta abin da ya wakana.

Nan ne binciken da aka saba yi ke gazawa. A zauna a ofis a Abuja ko Landan a tsara tambayoyi, a buga fom, a kai wa hakimi gaisuwa a nemi izini, a baza matasa su cika fom ɗin gida-gida, a kwashe a tafi. Bayan shekara biyu sakamakon ya fito cikin Turanci a mujallar da ba wanda zai karanta a garin. Da yawa irin wannan ma kan rubuta a rahotonsa cewa an yi shi "tare da al'umma", alhali iyakar taren ita ce hoton da aka ɗauka a fada. Binciken da ake yi tare da jama'a da gaske ana gane shi ne ta wajen wanda ke da ta cewa. Shin mutanen garin sun sa baki wajen zaɓen tambayar da za a bincika? Da alƙaluma suka fito, an dawo musu da su an ce, ku me kuka gani a nan? Su ne suka zaɓi matakin da za a gwada, ko an zo musu da shi a kwali?

A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalilin da ya sa wannan ba kwalliya ba ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, sunan Trovan na cikin hujjojin da ake kafawa. Mai binciken da ya shigo ƙauye da takarda a hannu, wannan tarihin ya riga shi isa, ko ya sani ko bai sani ba.

Moɗa da ƙwaya uku

A 2009 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Clara Ejembi, tare da takwarorinsu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka yi wani aiki a garuruwa biyar na kewayen Zariya inda kusan kowace mace a gida take haihuwa. Matsalar da suka tunkara ita ce zubar jini. Allurar da asibiti ke amfani da ita, oxytocin, tana son firiji da mai iya yin allura. Amma akwai ƙwayar misoprostol, wadda ba ta buƙatar sanyi: mace ta haɗiyi uku da zarar jariri ya fito, mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Fargabar likitoci ita ce a bar ƙwayar a hannun mutanen ƙauye, domin idan aka sha ta jariri na ciki, ko akwai ɗan tagwai da bai fito ba, tana iya fasa mahaifa.

Akwai kuma wata matsala da ba ta cikin littafi. A likitance an ce jini ya yi yawa idan ya kai rabin lita. To a ɗakin da ake haihuwa a kan tabarma da tsummokara, wa ya san rabin lita? Kuma a wajen tsofaffi da yawa, fitar jini bayan haihuwa wankin ciki ne, wanda ya tsaya a ciki shi ne abin tsoro. Cikin tattaunawa da mutanen garuruwan aka samo ma'aunin da kowa ya sani: moɗar da ake ɗiban ruwa da ita a randa, wadda ke cin kimanin rabin lita. Saƙon ya zama mai sauƙi, in jinin ya kai cikin moɗa, a nemi mota. Aka horar da ungozomomi, jama'a suka samu amintattun mutane a cikinsu da ke ajiye maganin don a same shi ko da tsakar dare, aka yaɗa bayani ta tarurruka da hotuna da kaset. Cikin mata kusan 1,800 da aka yi hira da su bayan haihuwa, kusan takwas cikin goma sun sha ƙwayar. Daga baya, a 2013, Jihar Sakkwato ta fara raba misoprostol a matakin al'umma a faɗin jihar, haɗe da maganin chlorhexidine na shafa wa cibiya.

Ba jahilci aka samu a waɗannan garuruwa ba, rashin ma'auni aka samu, kuma a wajen masu garin aka aro shi. Na tsaya a kan wannan ne saboda saurin da muke yi, mu 'yan boko, wajen ɗora komai a kan al'ada. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan jego, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa, aka kuma yi ta maimaita wannan shekara da shekaru. Da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitoci a sassan Najeriya, abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin sana'a da tarihin hawan jinin ciki. Wannan bai wanke kanwa ba ga mai hawan jini, amma ya nuna cewa wani lokaci abin da ake kira al'ada, yunwa ce da talauci a ƙarƙashinsa.

Shin zama a tattauna yana rage mutuwa?

Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada ta da irin ma'aunin da ake gwada magani. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal, wata ƙungiya mai suna MIRA da masana daga Landan suka raba yankuna 24 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rabi, aka ɗauki mace 'yar yankin wadda ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, tana tara mata sau ɗaya a wata. Ba lacca take yi ba. Matan ne ke lissafa matsalolin da suke gani a ciki da jego, su zaɓi waɗanda suka fi damunsu, su tsara abin yi, su aiwatar, su dawo su duba ko ya yi. Wasu suka kafa asusun ko-ta-kwana, wasu suka tanadi abin ɗaukar mai naƙuda saboda tsaunuka, wasu suka riƙa haɗa ƙunshin kayan haihuwa masu tsabta. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna mutuwar jarirai 26 cikin 1,000 a yankunan da ke da ƙungiyoyin, 37 a waɗanda ba su da su.

A jihohin Jharkhand da Odisha na Indiya, ƙungiyar Ekjut ta maimaita gwajin tsakanin 2005 da 2008 a cikin ƙabilun da suka fi kowa talauci. Da yake yawancin matan ba su iya karatu ba, da katunan hotuna ake tattaunawa, da tsakuwa ake jefa ƙuri'a. Mutuwar jarirai ta ragu da kashi 32 cikin 100. Abin lura, ba wai haihuwar asibiti ce ta ƙaru sosai ba. Abin da ya sauya a gida yake: wanke hannu kafin karɓar haihuwa, tsabtar abin yanke cibi, ɗumama jariri, ba shi nono zalla. Da aka sake tace alƙaluman kuma, ragin ya fi yawa a gidajen da suka fi shiga uku.

Sai dai ba ko'ina abin ya yi aiki ba, kuma darasin yana cikin inda ya gaza. Gwajin farko a Bangladesh bai rage komai ba. Da aka duba, ƙungiya ɗaya ce ga mutum kusan 1,400, masu cikin da ke halarta kuma ba su taka kara sun karya ba. Aka ƙara yawan ƙungiyoyin zuwa ɗaya ga mutum kusan 300, sai mutuwar jarirai ta sauka da kashi 38 cikin 100. A unguwannin talakawa na birnin Mumbai ma ba a ga sauyi ba. Da aka haɗa gwaje-gwaje bakwai a 2013, aka ga cewa inda aƙalla kashi 30 cikin 100 na masu ciki ke zuwa taron, mutuwar jarirai kan ragu da kashi ɗaya cikin uku, ta iyaye mata kuma da kusan rabi. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da tsarin a 2014, musamman a karkarar da asibiti ke da nisa.

Wadda ba ta zuwa taro

Sharaɗin nan na cewa sai masu ciki sun halarta shi ne ƙullin maganar a wajenmu. Amarya mai cikin fari da ke jin kunyar a san tana da ciki ba za ta zauna gaban uwar mijinta da ƙawayen uwar mijinta ta yi maganar kumburin ƙafa ba. Matar da ke cikin kulle sai da izini. Matar rugar da ke bayan gari ba a ma sanar da ita ba. In aka ce an tara "al'umma", galibi waɗanda suka zo su ne matar mai unguwa, shugabar mata, malamar Islamiyya, da wayayyun da dama can suna zuwa awo.

Shirin PRRINN-MNCH na rigakafi da lafiyar uwa da yara, wanda Birtaniya da Norway suka ɗauki nauyinsa a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, ya gano wani abu da ya kamata a ce ya sauya yadda ake tsara kowane aiki a Arewa. A ƙauyukan da aka bincika, mutuwar yara ba a warwatse take daidai-wa-daida ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 na yaran da suka rasu, 'ya'yan kashi 20 cikin 100 na iyaye mata ne. Yawancin mata ba su rasa ko ɗa ɗaya ba, wasu ƙalilan kuma sun binne biyu, uku ko fiye. Abin da ya bambanta waɗannan matan ba nisan asibiti ba ne, tunda a gari ɗaya suke da sauran, wani lokaci ma a gida ɗaya. Mata ne da suka ce ba su da wanda za su kai wa kuka, ba mai riƙe musu yaro, ba sa jin ana ganin mutuncinsu a wajen miji ko dangin miji. Kowa a garin ya san su. Ita ce bora, ita ce wadda aka auro daga nesa ba ta da dangi a kusa, ita ce wadda ake cewa ba ta cika hankali ba alhali baƙin ciki ne ya danne ta. Tazarar da ke tsakanin Imo da Kebbi ke nan ta sake bayyana, wannan karon tsakanin ɗaki da ɗaki.

Abin da aka yi a Toro

Aikin da a ganina ya fi fuskantar wannan matsala kai-tsaye shi ne na Ƙaramar Hukumar Toro a Jihar Bauchi. Tushensa wani bincike ne da aka yi a Bauchi da Kuros Riba wajen 2009, inda aka tambayi dubban mata abin da ya same su a cikinsu na baya. Abubuwa huɗu suka fito a matsayin masu tafiya tare da matsala a ciki da haihuwa: ci gaba da aikin wahala da tsohon ciki, duka daga miji, rashin yin maganar cikin tsakanin miji da mata, da rashin sanin alamomin haɗari. Babu ko ɗaya a cikinsu da allura ke magani. Kuma uku daga ciki, in an duba da kyau, a hannun maigida suke. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma alƙaluman Bauchi sun nuna sau da yawa mabuɗinsa na aljihun namiji.

Daga 2016, masana na ƙungiyar bincike ta CIET da Jami'ar McGill ta Kanada, tare da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN reshen Bauchi da hukumar lafiya matakin farko ta jihar, suka gwada wani tsari a gundumomi shida. Maimakon a kira taro, a je kowane gida. Mata 'yan yankin da aka horar suna zagayawa su gano duk mai ciki, su riƙa ziyartarta duk bayan wata biyu. Maza kuma, su ma 'yan yankin, suna zama da mazajen. Abin da ake kai wa gidan ba umarni ba ne, sakamakon binciken jiharsu ne: ga abin da matan Bauchi suka faɗa, ga abin da aka gani, kai a gidanka me za ka iya yi? Wani ya karɓi ɗiban ruwa da faskare, wani ya sa a kai niƙa inji a huta da daka, wani ya fara tambayar matarsa yadda ta kwana da cikin. In mai ziyara ta ga alamar haɗari, ta tura asibiti. Bayanan kuma a waya ake shigar da su tare da alamar wurin da aka tsaya, don a tabbata an je gidan da gaske, ba a gindin bishiya aka cika fom ba.

Yadda aka tsara gwajin ma abin a yaba ne, domin ya warware wata matsalar adalci da ke damun irin wannan bincike. In za a auna tasiri, dole a samu waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, to wa zai yarda a bar garinsa a baya? Sai aka jefa ƙuri'a a kan lokaci kawai: gundumomi biyu su fara, biyu su biyo, biyu su zo ƙarshe. Waɗanda layi bai zo kansu ba su ne ma'auni, amma kowa zai samu.

Sakamakon farko, wanda ya fito a 2019 daga mata fiye da 1,800 a kowane ɓangare, ya nuna raguwar hawan jini da kumburin fuska da hannu lokacin ciki, da raguwar zazzaɓin bayan haihuwa. Aikin wahala ya ragu, duka ya ragu, magana tsakanin ma'aurata ta ƙaru. Zuwa awo da haihuwa a asibiti kuwa ba su ƙaru ba. Wannan ya ci karo da abin da kusan kowane shiri ke aunawa, wato mata nawa aka kora zuwa asibiti. A Toro lafiya ta inganta ba tare da wannan ba, saboda an taɓa abin da ke haifar da ciwon tun a gida. Ga ƙorafin da ya dace a yi: yawancin abin da aka auna daga bakin matan aka ji shi, kuma macen da aka daɗe ana ziyarta tana iya faɗin abin da take ganin ana son ji. Gwajin ma bai kai girman da zai auna mutuwar iyaye mata ba, domin wannan na buƙatar dubun-dubatar haihuwa. Duk da haka, fifikon tsarin a bayyane yake: bora ma tana da ƙofa, kuma an ƙwanƙwasa ta.

Daga cikin waɗannan ziyarce-ziyarce wata tambayar ta taso, ta kunika, wato sake ɗaukar ciki ana goyo. Wannan abu ne da mutane da kansu ke ƙi, ba sai wani ya zo daga waje ya ce musu ba shi da kyau ba. Masu binciken suka zaunar da mata daban, maza daban, kowane rukuni ya zana taswirar abin da yake ganin yana jawo kunika, ana jan kibiya daga sanadi zuwa sakamako, ana ba kowace kibiya maki gwargwadon ƙarfinta. Taswirorin suka fito da yawan kusantar iyali, rashin amfani da hanyoyin tazara, da kuma al'amuran cikin gida: gasar haihuwa tsakanin kishiyoyi, neman ɗa namiji, matsin miji. Fom ɗin da aka tsara a ofis da wuya ya ƙunshi gurbin da za a rubuta "don kar kishiyata ta fi ni 'ya'ya".

Maƙwabtanmu na Nijar sun isa ga maganar maza ta tasu hanyar. Wani bincike da aka yi a yankin Damagaram a 2007 ya nuna ikon miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa asibiti, daga nan aka kafa makarantun magidanta da tallafin asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mazan da ake ganin girmansu ke zama su tattauna su kuma ja hankalin 'yan'uwansu.

Inda magana ke ƙarewa

Kada a ɗauka duk abin da aka liƙa wa sunan al'umma yana aiki. A Jigawa an yi wani babban gwaji a ƙauyuka 96, inda aka horar da mata masu wayar da kai, aka ƙara wa wasu ƙauyukan ƙunshin kayan haihuwa, wasu kuma wasan kwaikwayo. Zuwa awo ya ƙaru, amma lafiyar uwa da jariri ba ta nuna wani sauyi ba. Wayar da kai daban, ba mutane wuƙa da nama daban. Kuma ko an tura mace asibiti, sai ta tarar da wani abu a can.

Jinkiri na uku, na samun kulawa bayan an isa asibiti, ba ya jin lallashi. Macen da mabiyiya ta tare mata hanya, ko wadda ƙugunta ya yi wa kan jariri kaɗan, babu taron da zai cece ta sai tiyata da ƙarin jini. Jama'a na iya rage jinkiri na biyu, na kan hanya, kuma sun yi: tsarin da aka ƙulla da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohi da dama, inda direban tasha ke ɗaukar mai naƙuda ko da dare a kan kuɗin mai, da asusun taimakon gaggawa, da jerin masu ba da jini na sa-kai. Amma in motar ta isa aka tarar da asibitin a kulle, ko ma'aikaciya ɗaya ce tilo ta gaji tana zagi, labarin zai riga motar komawa gari, kuma aikin shekara uku ya rushe a dare ɗaya. Shi ya sa binciken asibiti ke da nasa muhalli. Gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, an yi shi a asibitoci 80 a ƙasashen Afirka huɗu, ya kuma nuna a 2023 cewa shimfiɗa leda mai ma'auni don a ga yawan jinin da ke zuba, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. Ashe ko a asibiti ma da ido ake kintatar jinin. Sai dai wannan nasara ta macen da ta iso ce, kuma a Arewa maso Yamma, a ƙididdigar 2018, haihuwa 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda masu rubuta rahoto ba sa son daɗewa a kai. Aikin Toro kuɗin Kanada ne, PRRINN-MNCH na Birtaniya da Norway, na Sakkwato da tallafin USAID ya tashi, hukumar ba da tallafi ga ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta rushe a 2025. Bincike irin wannan yana cin lokaci, domin yarda ba a gina ta cikin wata shida, alhali tallafi shekara uku zuwa biyar ne. Mata masu zagayen kuma sau da yawa ana kiransu 'yan sa-kai, wato a taƙaice matalauta na yi wa matalauta aiki a kan ɗan abin da bai kai kuɗin sabulu ba. In tallafi ya ƙare, su ne farkon waɗanda ake sallama.

Ba wai gwamnati ba ta da inda za ta sa wannan ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya matakin farko. A 2018 aka ƙaddamar da shirin CHIPS na mata masu zagaya gidaje. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma ɗan Bauchi ne, ya ƙaddamar da shirin MAMII na rage mutuwar uwa da jariri, wanda ya mai da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da aka ce su ke da fiye da rabin mutuwar masu haihuwa, tare da alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi. Ware ƙananan hukumomi 172 amincewa ce da cewa mutuwar tana da adireshi. Amma ƙaramar hukuma ma faɗi gare ta. Abin da Toro da ƙauyukan Jigawa, Yobe da Zamfara suka nuna shi ne a ci gaba da tacewa har zuwa gida: mai zagaye ta shiga kowace ƙofa, ba ƙofofin da aka saba buɗe mata kaɗai ba, a samu namiji da zai zauna da maigida, saƙon ya fito daga alƙaluman yankin, albashinsu kuma ya zama layi a kasafin kuɗin jiha.